Sili Takwas da Ɗanyen Tumatir

Ko zan manta duk gidajen da na ja wa waya, ba zan manta na farko ba. A can na gano wani abu game da idanuna, wanda na yi shekara ashirin da bakwai ina yawo da shi ban sani ba.

A shekarun nan ne da komai ya yi tsada, mai ya tashi, shiga Kano daga ƙauyenmu na gefen Ɗanbatta ta zama sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Baba ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa biyu ya tura ni birni koyon haɗa wayar intanet. Ba don ya yarda da ni ba ne, Inna ce ta matsa masa. A wurin Baba ni mai garaje ne tun ina ƙarami. In aka tura mu lambu tsinkar tumatir, a kwandona kaɗai ake samun ɗanye cakuɗe da nunanne. Na sha tsumagiya a kan haka, har ni ma na yarda ba ni da natsuwa.

Aikina na farko na aminin Baba ne, wani Alhaji mai harkar hatsi a Dawanau. Sabis ba ya kamawa a gidansa sai a saman bene, shi kuma a ɗakin zaure yake son kwamfutarsa. Sai a ajiye na'urar intanet a sama, a jawo waya ta tsakar gida zuwa ƙasa. Baba ya ce zai raka ni su gaisa. Na san ba gaisuwa ce ta kai shi ba, so yake ya ga abin da kuɗin san da ya sayar ya zama.

Aikin ba shi da wuya a faɗe. Cikin wayar akwai sili takwas, an murɗe su bibbiyu: ruwan lemo, kore, shuɗi da ruwan ƙasa, kowanne da farin abokinsa. Za ka fere bakin wayar, ka warware silin, ka jera su yadda aka tsara, ka tura cikin wani ɗan kai na roba, ka matse da filaya. In ka matse, shi ke nan, ba ya ciruwa, sai dai ka yanke ka yar. Sannan ka sa na'urar gwaji, fitilu takwas su kama bi da bi. A wurin koyo mu biyu-biyu aka haɗa, abokina ya jera, ni in matse, don hannuna ya fi ƙarfi. Ban taɓa kawo komai a raina ba.

Kan roba goma na zo da su, wayar kuma mai araha ce, launinta duk a dushe. Na haɗa sama da ƙasa, na gwada, fitilu suka yi ta tsalle, uku ta kama kafin ɗaya. Na yanke na sake. Kafin azahar na ɓata takwas, saura biyu a aljihuna, kuma duk yankin babu mai sayar da su. Ina wucewa ta zaure na ji Baba yana cewa, "Halinsa ne, Alhaji. Garaje." Na wuce ban ɗaga kai ba.

A tsakar gida mahaifiyar Alhaji na zaune tana ɗinkin faifai, tsohuwa mai tsokana, tun shigowata take ce mini mijinta. Ta ce, "Kai mijina, tun hantsi kake yanka kana zubarwa. Kawo in gani."

Na durƙusa ina jera silin a gabanta, ina kiran launin kowanne. Ta tsayar da ni.

"Ka ce kore, ga shi ka ɗora ruwan ƙasa."

"Kaka, ai kore ne."

Ta zaro rinanniyar kaba biyu daga kwandonta ta ce in nuna mata ja. Na nuna, ashe kore na nuna. Sai ta daina dariya. Ta ce, "Haka wana yake. Har ya rasu matarsa ce ke zaɓa masa hula."

Ta sa na fere sabon wuri, ta yi ta murza silin a yatsunta kamar mai duba igiya a kasuwa. Ta ce, "To ai murɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Taɓa ka ji. Wannan matsattsen shi ne koren, sakakken nan ruwan ƙasa." Ta sa na rufe ido na ware su sau uku, sannan muka matse kai na ƙasa tare. Na sama kuwa ba ta iya hawa bene, ni kaɗai na hau da kai na ƙarshe. Na bi murɗi da yatsa, na yi bisimilla na matse. Fitilu suka kama daga ɗaya har takwas, babu wadda ta tsallake 'yar'uwarta.

Da muka zo yi mata sallama ta dubi Baba ta ce, "Malam, ɗanka ba garaje gare shi ba. Idonsa ne ba ya raba ja da kore. Halitta ce."

A hanyar gida sai Baba ya ratse da ni lambu, ya tsinko tumatir biyu ya riƙe a tafinsa.

"Kada ka taɓa. Wanne ya nuna?"

Na duba, na sake dubawa. Na ce, "Wallahi Baba, duk ɗaya nake ganinsu."

Ya daɗe yana kallon tumatirin nan. Can ya ce, "Shekara nawa ina dukanka a kan wannan. Ka yafe mini." Ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba, kuma sai na ji tausayinsa ya fi nawa yawa a raina.

Har yau da yatsa nake aiki. Duk sabon naɗin waya da na saya, matata nake kai wa ta faɗa mini murɗin kowane launi, don kowane kamfani da nasa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, in mutum yana ta maimaita kuskure ɗaya, kafin in ce halinsa ne, sai na fara tambayarsa abin da yake gani.