Baba Direba da Kabewar Bayan Gida

Kafin masu shago su buɗe ƙofa, Baba Direba ya riga ya zaga bayan gida da bokiti a hannu. Wurin ɗan lungu ne tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabta, amma a nan ya cusa tumatir cikin tsofaffin tayoyi, alayyafo a buhunan siminti, barkono a wani bahon wanki da ya huje. Kabewa kuwa ita ce 'yar gaban goshi. Ta haye katanga ta miƙe ƙafa kamar ita ke biyan haya.

Shekara da shekaru ya yi yana jan motar 'yan makaranta, ko kaza bai taɓa takawa ba. Da ya ajiye sitiyari, aka zaci zai shimfiɗa tabarma a ƙofar gida ya kama rediyo. Ina! Sai ya kama 'yar fartanya. Ruwan da aka wanke shinkafa ba ya zuba a kwata, ɓawon ƙwai da na ayaba duk taki ne a wurinsa. Telan bakin layi ya ce da ni, "Tun da na tare a unguwar nan ban sayi alayyafo ba. In ka ƙi karɓa ma, sai ka tarar an rataye maka a ƙofa." Masu haya a ɗaki ɗaya kuwa, da dashen tumatir a gwangwani yake sallamarsu, ya kuma biyo baya ya ga ko ana ba shi ruwa.

Kai ne mai kyauta har da bin sawu, Baba. Kai ne ka nuna mana cewa rashin gona ba hujja ba ce.

Kabewar nan tana da tarihi. Iri ne da mahaifiyarsa, marigayiya, ta ƙulle masa a bakin zane ranar da zai bar gida neman aiki. Kowace shekara yakan bar babbar ta ƙosa don ya ɗebi iri. Da feshin maganin sauro ya yi yawa a unguwa, ƙudan zuma suka yi ƙaura, fure ya riƙa zubewa ba ɗa. Baba bai tsaya ƙorafi ba, ya karɓi aikin zuman. Da sassafe zai tsinko furen namiji, ya nemi macen, mai ɗan kumburi a gindi, ya goga mata garin nan rawaya a hankali. Safiya ɗaya tak fure ke buɗewa, rana na ɗagawa ya tsuke ke nan. Maƙwabta har tsiya suke masa, wai ga mai ɗaura wa kabewa aure.

Inna, matarsa, ba ta cikin masu tafi. Lambun ya cinye mata wurin shanya, kuma ba ta yafe ba. "Ni tukunya na sani, Malam," in ji ta. "A kawo in dafa, amma kada a ce in taɓa ƙasa."

To, bana abin ya zo da gardama. Ɓeraye sun sami gwangwanin iri sun yi biki, 'yan ƙwayoyin da suka rage kuma guda ɗaya ce ta rayu. In ba ta yi ɗa ba, irin tsohuwa ya ƙare a duniya. Ga shi hannun Baba ya fara rawa, tsufa ya yi sallama. Hannun da ya riƙe mota cike da 'ya'yan mutane, yau fure ya gagare shi. Ya kai hannu ga macen fure ta farko, ta karye. Bayan kwanaki wata ta buɗe, ita ma ya ɓalle ta. Ya tura su ƙarƙashin ganye bai gaya wa kowa ba, amma abinci ya daina shiga, kuma tausayinsa ya kama duk wanda ya lura.

Ran da wata ta sake buɗewa, ya durƙusa gabanta da furen namiji a hannu, ya kasa matsawa. Tsoro yake ji. Rana kuwa ba ta jiran kowa. Ashe Inna na kallonsa ta tagar kicin. Sai ga ta ta fito tana goge hannu a zane.

"Malam, gaisuwa kake yi mata ne tun ɗazu?"

"Hannun ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "In na karya wannan, ban san ko za a sake samun wata ba."

"Shi ne ka zauna kana ramewa, ni ina gidan? Matsa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Ta karɓi furen ta durƙusa a ƙasar da ta rantse ba za ta taɓa ba. Shi kuma direba ya koma kwandasta: "A hankali... dama kaɗan... tsaya nan!"

"Ka bar ni mana, allura ma ina zura mata zare!"

Kabewar ta kama, wasu ma suka biyo baya. Yanzu haka babbar tana nan zaune kan katanga, ta fi kan mutum girma, kuma rigimar gidan ta koma ta wa ya fi iko da ita. Shi ya ce irin uwarsa ne, ita ta ce aikin hannunta ne. Da ya tsaga ta farko ya ga iri cike fal, sai da ya juya baya ya share ido.

Mun gode, Baba Direba, da ganyen da muka ci da dashen da muka samu. Mun gode, Inna, da kika durƙusa. Allah ya ƙara lafiya, ya bar ku tare. Mu kuma da ke da lungu a bayan gida muna tara tarkace, mu share mu shuka wani abu. In hannu ya gaza wata rana, kada mu ɓoye furen ƙarƙashin ganye, mu ɗaga murya mu kira na cikin gida.