Gwiwar Baba

Da yaƙi ya koro mu daga Sudan, mu Hausawan can, mu biyu muka iso Alƙahira, ni da Baba. Muka kama ɗaki a unguwar Abbasiya, can saman wani bene da sai mutum ya tsaya ya huta kafin ya kai. Ni zanen lalle nake yi, ina bin gidajen biki da 'yar jakata. Shi kuwa Baba, mutumin da a unguwarmu shi ake kira in za a ɗaura aure ko a sasanta rigima, sai ga shi yana wuni yana kallon bango. Zaman yana cin sa, ina gani.

Rannan ya dawo daga masallaci ya ce ya sami aiki a wata tsohuwar fada da ke bayan gari, wajen dawakai. Na yi murna ƙwarai, domin da doki ya tashi tun yana yaro. A can yake kwana, sai ranar Juma'a ya zo gida, ya zauna yana ba ni labarin wane doki ne mai cizo, wane ne mai tsoron ruwa. Na lura yana ɗan ɗingishi, na tambaya, ya ce tsufa ne. Na yarda, na sayo masa man zafi.

Bayan wasu watanni matar da ke samo min aiki ta kira ni, ta ce akwai wasu baƙi daga Najeriya da ke son mai lalle wadda ke jin Hausa. Da ta faɗi wurin, na gane fadar su Baba ce. Ban gaya masa ba. Na so ya gan ni kwatsam, mu yi dariya.

Fadar ta wani Basha ce, wato babban basarake na zamanin da, mai katuwar ganuwa da hasumiya a kowace kusurwa, ga gonar dabino da mangwaro har inda ido ya tsaya. An mai da ita masaukin masu hannu da shuni, kuma ba hutu ake zuwa yi ba, wahala ake saye. A tashe su da asuba su yi ta gudu a cikin gona, babu abin da ya biyo su. Daga nan hawan doki, harbin kibiya, tuƙa kwale-kwale a wata 'yar ƙorama, sannan a kwantar da su a yi musu tausa don sun gaji. Ni da na yi gudu na gaske, da takalmi ɗaya a ƙafa, na tsaya ina kallon wani mai tumbi yana haki, yaro na bin sa da tawul da ruwan sanyi. Abin bai ba ni dariya ba sam.

Hajiyar da ta nemi mai lallen mutuniyar kirki ce, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta tambayi mutanenmu, ta jajanta, ta sa aka kawo min shayi. Muka zauna a baranda ta sama, ita da 'ya'yanta mata, ina zana mata hannu, muna kallon farfajiya inda aka jera dawakai. Wani Bamisire mai yi wa baƙi bayani ya tsaya a tsakiya yana ba da tarihi. Ya ce shi Basha ba ya hawa doki daga kan dutse ko kujera. Bawansa ne ke durƙusawa, ya kafa gwiwa ɗaya, Basha ya taka ya haye. Ya ce yau kowane baƙo zai hau kamar yadda Basha ya hau, kuma mai hoto yana nan.

Sai aka fito da bawan. Tsoho ne baƙi, an sa masa jan wando mai faɗi da falmaran ba riga a ciki, ga awarwaron tagulla a damtse. Kansa babu hula. Ya zo gefen doki, ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, leɓensa na motsi, ya kafa gwiwa. Tun daga dafa ƙasar na gane shi, domin haka yake yi in zai zauna a kan buzunsa. Tunda aka haife ni ban taɓa ganin Baba a gaban mutane ba hula ba.

Wata Baturiya ta fara takawa da dogon takalminta, tana dariya tana neman gafara. Wani Balarabe ya biyo. Ina kallo, hannun Hajiya na cikin nawa, lalle na ɗiga a kan zanenta ban sani ba. Na danne fushina. Aikin nan shi ne ya fitar da Baba daga ɗaki, kuma na san in na buɗe baki zai iya rasa shi.

Sai layi ya zo kan ɗan Hajiya, wani jibgegen saurayi mai fara'a. Ya tsaya a kan Baba yana magana da matarsa da Hausa, da ƙarfi, kamar yana tsakar gidansu. Ya ce ta ɗauki hoton da kyau. Ya dubi gwiwar, ya ce anya tsohon nan zai iya ɗaukar sa kuwa, kada a karya wa mutane kayan tarihi. Matar ta yi dariya. Baba yana jin kowace kalma, fuskarsa ko motsi. Nan haƙurina ya ƙare. Ban san lokacin da na sauko benen ba.

"Baba, tashi," na ce.

Saurayin ya riga ya ɗaga ƙafa. Ya dube ni, ya dubi tsohon, ya sauke ta a hankali.

"Baba, kana jin Hausa?" in ji shi.

Baba ya ɗago kai. Ni ya kalla, ba shi ba. Sannan ya ce, "Ina ji."

Yaron ya cire hular kwanon da aka ba shi, ya tsuguna har ƙasa, yana ta ba da haƙuri, yana rantsuwa cewa bai sani ba. Bai san me ba? Bai san tsoho ne ba, ko bai san mutum ne ba? Furfurar tana nan tun kafin a yi Hausa. Na so in tambaye shi, sai ga Hajiya ta sauko tana salati, hannuwa a sama don kada lalle ya goge. Ta sa aka kira manaja, ta ce in fassara masa. Ta ce wannan haramun ne, wannan dattijo sa'an mahaifinta ne, ba za ta zauna inda ake haka ba. Na mayar da maganar Larabci, na ƙara nawa a kai, kuma nawa ya fi nata yawa.

Manajan yana murmushi yana ta cewa ma'alish, wato a yi haƙuri. Ya ce tarihi ne kawai, kuma babu wanda aka tilasta. Ya ɗora hannu a ƙirji ya yi wa Hajiya alkawarin ba za ta sake ganin dattijon nan a durƙushe ba. Hajiya ta ce madalla, hankalinta ya kwanta. Muka koma sama na ƙarasa mata hannun.

Ya cika alkawari kuwa. Bayan La'asar aka miƙo wa Baba kayansa a leda, aka ce khalas, wato aiki ya ƙare. Muna fita muka bi ta farfajiya, ana shirin hawan yamma. Jan wandon yana jikin wani dogon saurayi baƙi, mai aikin gona, wanda ko gaisuwa bai sani ba da Hausa. Ɗan Hajiya yana kan doki, ya gan mu ya sunkuyar da kai. Ban ga yadda ya hau ba, amma a farfajiyar nan babu dutse, babu kujera.

A cikin bas na yi ta faɗa. Na zagi Basha a kabarinsa, na zagi manaja, na haɗa da masu biyan kuɗi don su taka mutum su yi hoto. Na juyo kan Baba, na ce ya yi min ƙarya, ya bar ni ina shafa masa mai ina cewa tsufa. Na ce kuma yana jin yaron nan na yi masa ba'a da harshenmu, me ya hana shi magana? Ya bar ni har na gaji. Hularsa na kansa, ledar na kan cinyarsa.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, "tun ranar da suka zo nake jin su. Har matsawa nake yi kusa, don in ji Hausa. Amma in na buɗe baki na zama Baba. Wa zai taka Baba? In ba a taka ba kuwa, su ajiye ni in yi musu me?"

Na ce ai akwai dawakai, da ya tsaya a kan aikin da ya iya.

"Na nema. Suna da matasa." Ya dubi taga. "Ke kina da lallenki. Ni duk garin nan gwiwar nan ce kaɗai aka ce ana so."

Har yau fushin bai tafi ba. Da muka iso Abbasiya na ɗauki ledar, shi ya kama ƙarfen bene, muka fara hawa.