Koren Ruwa a Injin Suruki

Kunne ake ce masa a bakin ruwa, don shekara talatin yana gyaran injin dizal na jiragen ruwa, kuma da jin kukan inji yake gane ciwonsa. Rumfarsa ta kwano ce, benci guda, sifanoni a rataye, ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi. Abu ɗaya ya ɓoye wa duniya: bai iya karatu ba. Ruwan sanyaya inji da launi yake zaɓarsa, kore kan kore, ja kan ja, kuma Allah ya yi ta rufa masa asiri.

Sai mijin 'yarsa ya sayi jirgin fasinja mai injin zamani. Da lokacin canza ruwa ya yi, ya kawo masa littafin injin.

"Baba, ga shi, an ce akwai irin ruwan da yake so."

Kunne ya buɗe shafi biyu, ya gyaɗa kai kamar alƙali. Ya ce wa surukinsa karanta mini? Ina! Ya leƙa tanki ya ga kore, ya sayo kore. Tsohon ruwan ma bai wanke shi tas ba, ya zazzage rabi ya cika da sabo. Ashe launin ne kawai ɗaya, haɗin daban, kuma ba sa ga maciji da juna.

Bayan sati uku injin ya yi zafi a tsakiyar ruwa da mutum arba'in a ciki. Da igiya aka jawo su, mata na salati. Surukin ya tsare matuƙin jirgin a gaban jama'a.

"Kai ka ƙona mini inji da ganganci! Ajiye makulli ka kama gabanka."

Matuƙin, mai 'ya'ya biyar, rantsuwa kawai yake yi. Kunne ya shiga jirgin ya cire tiyon injin, sai ga wani abu kamar laka yana fitowa, ya toshe bututu kaf. Nan take ya gane aikin hannunsa. Kunya ta rufe shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage ya shige. Da ya ja bakinsa, ba mai sani.

"Ƙyale shi," ya ce. "Ni ne. Na haɗa ruwan da ba a haɗawa."

"Haba Baba, ba ka duba littafin ba?"

"Na duba. Ban iya karantawa ba ne."

Surukin ya sunkuyar da kai, ya miƙa wa matuƙi makullinsa.

Ba wanda ya yi masa dariya, kuma da an yi, da ya fi masa sauƙi. Masu jirage ba su daina kawo masa aiki ba. Sai dai tun daga ranar, kowa da jarkar ruwansa yake zuwa, ya gaishe shi da ladabi, sannan ya zuba da kansa.