Baƙin Fenti a Salansar Baba

A daminar da hanyar gonarmu ta bayan 'Yandoto ta zama abin tsoro, Baba ya ce ƙyallin salansar babur ne ke tona asirin matafiyi, don 'yan bindiga na hango shi daga nesa. Sai ya shafa wa tasa ragowar baƙin fentin ƙofarmu. Kafin ya kai kasuwar Tsafe fentin ya kumbura, yana hayaƙi, yana zubowa kamar ɓawon albasa.

Da yake a Gusau nake karatu, ni ya sa na sayo masa na feshi, mai jure zafi. Ya kankare ƙarfen tas, ya fesa a hankali, ya bar injin a kunne har fentin ya gasu.

Inna tana tsintar wake ta ce, "Malam, to ƙarar fa? Ita ma fentin za ka shafa mata?"

Murmushi kawai ya yi.

Fentin ya kama sosai. Amma a makon nan aka ɗauke maƙwabcinmu na gona, wanda kullum a ƙafa yake zuwa. Baba ya jingine babur a zaure. Geronmu ya nuna, tsuntsaye suka cinye shi a tsaye.