Dami Ya Karkace

Gonar tana nan ƙasar Turawa, can bayan garin Manassas, inda gidaje suke ƙarewa shinge ya fara. Ta wani tsohon Bature ce da gwiwoyinsa suka gaji, ya bar mana aikin, ni da wani dattijo Bakano. Shanu ne da raguna, waɗanda mutanenmu na Sterling da Wheaton ke zuwa saya in Babbar Salla ta matso ko an yi haihuwa. Ni tuƙin tasi na bari na zo. Shi kuwa 'yarsa ce ta kawo shi ƙasar, nas ce, ya zauna a gidanta ya ga kallon bango zai kashe shi, ya fita neman inda ake jin warin dabba.

Ni Bazazzage ne, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Bawana yake ce min. Ni kuma in ce masa Baba, in ƙara da cewa furfura ba ta 'yanta Bakano.

In sanyi ya shigo ciyawa takan mutu, sai ingirici. Nan ba a ɗaure shi yadda mutum zai ɗauka a ka. Inji ne ke naɗe shi kamar tabarma har ya zama ƙatuwar ganga, tsayinsa ya kai kafaɗata, nauyinsa ya fi na bijimi, in ya sha ruwa kuma ya ƙaru. Amma dami muke ce masa, ba mu da wani suna. Taraktarmu ƙarama ce, bokiti ne a gabanta, ba ta da mashin nan da ake soke damin da shi. Sai dai in cusa bakin bokitin ƙarƙashinsa, in ɗaga kaɗan, in tafi a hankali. Mai gonar ya sha gaya mana kowa ya tsaya nesa. Baba ya ji, ya kuma sani. Shi ne ma mai yi min faɗa in na taka da sauri.

Sai dai mutum ne da ya tashi cikin 'yan dako a kasuwar hatsi. A can in kaya ya karkace a kan wani, ko a bayan jaki, ko a kan kura, ba a tambayar na wane ne. Hannu ake kaiwa. Wanda ya tsaya kallo shi ne ɗan banza.

Ranar, ƙanƙara ta narke, garken duk taɓo. Bayan azahar ne. Akwai wani zoben ƙarfe da ake jefa damin a ciki don kada shanu su tattake shi, kuma dole sai na ɗaga sama kafin ya tsallake bakin zoben. Nan ne kaɗai nake ɗagawa sosai. Baba ya buɗe min ƙofa yana kora shanu da sanda, can gefe inda ya saba tsayawa. Na ɗaga. Tayar gaba ta hagu ta nutse, taraktar ta sunkuya, damin ya fara zamewa gefe, a hankali, kamar yana shawara.

Da an bar shi, cikin taɓo zai faɗi. Na ga Baba ya yar da sanda ya taho da gudu, hannu biyu a sama, yana cewa riƙe, riƙe. Na yi ihu. Ban san abin da na ce ba.

Na diro na zagaya. Damin ya danne shi daga ƙirji zuwa ƙasa, kansa da hannu ɗaya ne a waje. Idonsa biyu. Na sa kafaɗa na tura, kamar in tura masallaci. Na kira motar asibiti, matar da ta ɗauki wayar ta ce suna tafe. Na san hanyar, na san ba kusa ba ce, shi kuma numfashi yake ja guntu-guntu, leɓensa ya fara sauya launi. Mai gonar ya tafi ganin likita. Babu kowa sai shanu, su ma sun matso, sun fara yagar ingiricin daga samansa suna ci.

Abu ɗaya ne a gonar zai iya ɗaga damin, taraktar da ta sake shi. In na hau kujera kuma ba na ganin komai sai bokiti da dami. Ƙafafunsa suna wani wuri a ƙarƙashi, bakin bokitin kuwa ƙarfe ne mai kaifi. Na gaya masa haka. Na ce ba zan iya ba.

Ya ce, "Hau, bawana. Ni ina jin inda ƙafata take."

Na hau. Na ja baya na fid da tayar, na sauke bokiti har ƙasa, na rage kukan inji don in ji shi. Muryar tana zuwa daga bayan damin, siririya.

"Taho. Taho. Ɗan ƙara dama."

Na ƙara.

"Damarka, ba tawa ba. Zagezagi dai."

Wallahi dariya ta kusa kama ni. Na matsa kamar faɗin tafin hannu. Ya ce tsaya, na tsaya. Ya ce koma, na koma. Sau nawa muka yi haka ban sani ba. Can ya yi shiru. Na kira Baba, shiru. Na sake kira.

"Ina nan," in ji shi. "Ɗaga."

Na ɗaga, na mirgina damin gaba. Bokitin bai taɓa shi ba, ko gefen takalminsa. Na duba da idona, daga baya likita ma ya gaya wa 'yarsa haka. Na cire rigar sanyina na rufa masa, na zauna cikin taɓon na ɗora kansa a cinyata. Ya ja numfashi mai tsawo, na ce shi ke nan, mun tsira. Ya tambaye ni ko an rufe ƙofa, kada shanu su fita titi. Ya ce da ba don tsufa ba da ya tare damin. Na ce ko ubanka bai isa ba, ya yi murmushi. Sai ya fara kalmar shahada, ina taya shi, ina ganin ai sabo ne kawai.

Ya kai asibiti da ransa. Bai kwana ba. Sun ce cikinsa ne ya fashe tun faɗuwar farko, jini yana zuba inda ba a gani.

Washegarin jana'iza na koma, don dabba ba ta san zaman makoki ba. Yanzu an sa wa taraktar mashi, ni kaɗai nake aikin, ni nake buɗe ƙofa in rufe. Amma duk sanda na iso bakin zoben nan, sai ƙafata ta sauka daga totur da kanta, inji ya yi ƙasa da murya. Nakan zauna da dami a gabana ina sauraro. Wani lokaci nakan daɗe kafin in tuna ba wanda zai ce min ɗaga.