Gefen Hagu na Takardar Taurari

Ciwon ya same ni a ƙarshen kaka, ina tsugune a gona ina ɗaure damin gero. Igiyar ce ta fara zamewa daga hannuna na hagu, na sake kamawa ta sake zamewa, har na fara yi mata faɗa. Daga nan ban ƙara sanin inda kaina yake ba sai a wani asibiti a Kano, ana gaya min jini ne ya hau ya taɓa ƙwaƙwalwa. Shanyewar ɓarin jiki, in ji su. Na yi makonni a kwance, na dawo ƙauyenmu na wajen Ɗanbatta da sanda a hannu, ƙafa tana jan ƙasa, baki a ɗan karkace.

Abin da masu zuwa dubiya suka gani ke nan, suka yi addu'a suka tafi. Akwai wanda ba su gani ba, kuma ni kaina na daɗe ina ƙaryata shi. Duk abin da ke gefena na hagu ya fita daga lissafina. Ba duhu nake gani a wajen ba. Da duhu ne, da na san akwai abin da ya ɓuya. Babu ne kawai. Nakan bugi ƙyauren zaure da kafaɗa in ce kafinta ne ya sa shi a karkace. Mutum zai zauna a haguna ya yi ta gaisuwa, ina waige-waige ina neman mai magana.

Tsorona duka a kan karatu yake. Ranar da na fara iya zama ba tare da jingina ba, na yi alwala na buɗe Alƙur'ani. Sai na ji karatu yana zuba kamar da, na yi ta hamdala. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko ido ne yake karantawa ko hadda ce take ɗauke da ni. A gaskiya na ƙi tambaya ne. Abin da na haddace tun ina ƙarami, ko rabin layi na gani bakina zai ƙarasa sauran da kansa.

Matar da ke yi min gashin ƙashi a asibiti ta gane tun da wuri. Ta ce, “Baba, in za ka yi karatu, ka sa jan zare a gefen hagu na shafi. Kada ka sauka layi na gaba sai ka juya kai ka ga jan.” Na ce mata to. Da muka fito na ce wa maiɗakina, yarinyar da ba a haife ta ba lokacin da na yi sauka, ita za ta koya min riƙe littafi? Maiɗakina ta gyara min hular da na sa a karkace.

A garinmu akwai wani aiki da na gada daga mahaifina. Ya bar min takarda guda da ya rubuta da hannunsa da ajami, lissafin taurari: sunan kowane tauraro a farkon layi, ranar shigarsa a ƙarshen layi. Kowanne kwana goma sha uku yake yi. Manoma ba su damu da sauran ba, guda ɗaya suke jira, Haƙa'a, wanda da shi muke buɗe damina. Ruwan da ya sauka kafin shigarsa ruwan yaudara ne a wajenmu: iri ya tsiro, sama ta ɗauke, rana ta ƙone shi. Don haka in ruwan fari ya sauka, kafin a ɗauki sungumi sai an biyo ta zaurena an tambaya, “Malam, an shiga?” Ba duba ba ne, kuma ban taɓa karɓar ko goro a kai ba. Lissafi ne, ruwa kuwa na Allah ne.

Da can ko takardar ba na buɗewa. Ina da ƙwallayen dabino goma sha uku da gwangwani biyu, kullum bayan asuba in mayar da guda daga wannan zuwa wancan. Da na kwanta ciwo aka yi shara, aka ga ƙwallaye a gwangwani, aka watsar. Lissafin kwanaki kuma shi ya fi komai guduwa daga kaina. Sai in tambaya yau wace rana ce sau uku kafin azahar.

Shekarar kuwa ta zo da wuya. Waccan daminar ba ta yi kyau ba, taki ya gagari talaka, rumbuna suka ƙare tun bazara ba ta yi nisa ba. Gidaje da yawa sun koma ɗora tukunya sau ɗaya, a cika da rama da zogale. Maƙwabcina, wanda katangarmu ɗaya kuma tare muka yi wasan ƙasa, ya cinye komai sai irin shuka. Tiya biyu na gero ne, matarsa ta ɗaure a tsohon tulu ta liƙe bakin da laka, don kada yunwa ta sa su buɗe. Bai san ko baƙi ɗaya ba, amma ya san ƙasa fiye da ni nesa ba kusa ba.

Ran nan da azahar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa har indararo ya yi ta zuba. Ƙamshin ƙasa ya cika gari. Ana idar da la'asar sai ga maƙwabcina a zaure, ƙafafunsa duk taɓo.

“Malam, ka ga wannan ruwa kuwa? Na tona, laima ta kai kamu guda. An shiga?”

Da na ce masa ban sani ba, da ba abin da zai ragu a jikina. Amma wata shida ke nan ana shigowa zauren nan ana ce min sannu, ba wanda ya tambaye ni komai sai ya jiki. Wannan ne karo na farko da wani ya zo neman abin da na sani. Na sa aka ɗauko min gafaka, na zaro takardar, na bi da yatsa har na sami Haƙa'a. Na bi layin zuwa inda na ga ya ƙare, na ga uku. Na tambaye shi nawa ga wata yau a lissafin manoma, ya ce ya ji a rediyo huɗu ne.

Na ɗan yi shakka. Kamar dai da wuri ne, gawo ma bai gama zubar da ganye ba. Amma ga rubutun mahaifina a gabana, ga mutum yana kallon bakina.

Na ce, “An shiga tun jiya.”

Ya ce, “Alhamdu lillahi!” Ya miƙe ko sallama bai yi sosai ba. Kafin magariba na ji ana fasa lakar bakin tulu ta bayan katanga.

Washegari da hantsi maiɗakina ta ajiye min ɗumame ta koma wajen awaki, don wata ta tsinke igiya. Na cinye na suɗe hannu, cikina ko rabi bai kai ba. Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya na ce in abincin ne ya ƙare a gaya min, ba a riƙa rage min a ɓoye kamar yaro ba. Ta zo ta tsaya a kaina, ta dubi akushin, ta dube ni. Sai ta sunkuya ta juya shi da yatsa biyu. Tuwo ya bayyana a gabana, rabin malmala cur, da miyarsa, ko taɓa shi ba a yi ba.

Ta ce, “Malam, tun da muka dawo kullum ni nake juya maka in ka ɗauke kai. Yau ne akuya ta ɗauke min hankali. Ka yi haƙuri.”

Ban ji kunya ba tukuna, kunyar daga baya ta zo. Tsoro ne ya fara kama ni. In rabin akushi zai ɓace min wata shida ban sani ba, me ya ɓace min jiya a takarda?

Na ce ta miƙo gafaka, ta kuma samo min jan zare. Ba ta tambayi dalili ba. Ta zare ɗaya daga bakin tsohon ɗankwalinta, ta shimfiɗa shi a gefen takardar. Na sa yatsa a kan Haƙa'a, na bi a hankali, na iso kan ukun nan. Na ci gaba da juya wuya, kamar mai leƙen bayan rumbu, ina neman ja. Kafin in kai ga zaren sai ga biyu a zaune a hagun ukun, da tawadar mahaifina, baƙi ƙirin. Ashirin da uku. Saura kusan kwana ashirin.

Tsakanin gidana da gonar maƙwabcina ba nisa, da lafiyata kafin a tafasa shayi na isa. Ran nan na ga tsawon hanyar. Sanda tana nutsewa a taɓo, ƙafar tana maƙalewa, na faɗi sau ɗaya na tashi da kaina. Gonakinmu a manne suke da juna, gamba ce kawai iyaka, kuma duk wadda na wuce sai in ga mutum da sungumi. Magana ta riga ta zaga cewa Malam ya ce an shiga. Suna ɗaga min hannu suna cewa, “Malam, jiki ya yi kyau, har gona?”

Na same shi yana sara, ƙaninsa yana biye yana zuba iri yana takewa da diddige. Sun wuce tsakiyar gona. Na tsaya a kan iyaka ina haki, na kira shi. Na so in ce takardar ce ta tsufa, ko tawada ta dushe. Bakina ya ƙi.

Na ce, “Ku tsaya. Ba a shiga ba. Ni ne ban ga ƙarshen layi ba. Tun da na tashi daga ciwon nan rabin shafi nake gani, na ɓoye muku.”

Na faɗa da ƙarfi don na gonakin kusa su ji, kuma sun ji. Sungumi ya tsaya nan da can. Maƙwabcina ya karɓi ƙwaryar daga hannun ƙaninsa ya leƙa, ya girgiza ta. Abin da ya rage bai kai tiya guda ba.

Ya ce, “To Malam, na cikin ƙasa fa?”

Na cikin ƙasa ba ya dawowa. Shi ma ya sani. Ya ɗaure sauran a gefen rigarsa, ya kama ni ta hammata ya rako ni gida. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kwanakin da suka biyo baya a ƙofar gida na yi su, ina kallon gabas. Ina roƙon Allah Ya ƙaryata takardar, Ya saukar da ruwa a ce Malam ya tayar da hankalin mutane a banza. Geron ya tsiro layi-layi, kore shar, gwanin sha'awa. Sama ta yi fes. A mako na biyu ya fara lanƙwashewa da rana yana miƙewa da safe, daga baya ya daina miƙewa. Duk wanda ya wuce da sallama sai in ji kamar da biyu ya yi. Nakan ji muryar matar maƙwabcina ta bayan katanga tana raba abinci, in kasa haɗiye nawa. Na ɗauka shi ke nan, ba mai sake tako zauren nan da tambaya, kuma ban ga laifin kowa ba.

Da ruwa ya dawo, an wuni ana yi. Ina zaune a zaure bayan la'asar sai na ji sallama, na waiga dama ban ga kowa ba. Na juya wuya sosai. Maƙwabcina ne zaune a haguna, da ɗan ƙullin irin nan a cinyarsa.

Ya ce, “Ɗauko takardar, Malam. Wannan ne ya rage mana, daga shi babu wani.”

Na shimfiɗa ta, ina laluben jan zaren a gafaka. Ya ce in bar shi. Ya matso, ya ɗora yatsansa mai kaushi a can ƙarshen gefen takardar, mutumin da bai san alif ba.

Ya ce, “Karanta. Kada ka ce min komai sai ka ga yatsana.”