Alhaji Laminu da Faifan Turawan da Suka Shirya

Ina cikin tram, jirgin cikin gari, da safiyar wata Talata, na nufi jami'a a Villeurbanne da ke gefen Lyon, sai wayar Hajiya Rabi ta shigo. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Ta ce, "Malam Sadiƙu, Babanka Alhaji ya riga mu gidan gaskiya." Na sauka a tashar da ba tawa ba, bakina ba ya furta komai sai Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhaji Laminu, mijin Hajiya Rabi, mutumin Maraɗi ne. Shi ke kula da injinan ɗakin gwaje-gwaje a makarantar injiniyoyi ta Lyon inda na zo karatu daga Zariya. Ranar da ya ji cewa da Ingilishi na yi karatu, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, kai Allah ya aiko." Na ɗauka wani aiki ne ya gagara. Ashe waƙa zan fassara.

Akwai wasu mawaƙan Ingila su huɗu da ya fara ji a rediyon wani tela tun yana saurayi a Maraɗi. Ko kalma ɗaya ba ya ganewa, amma ya haddace su kakaf. Waƙar da ya fi so, ya tabbata a kan haƙurin uwa take. Da na saurara na ce, "Baba, wani ne budurwarsa ta gudu, ta tafi har da karensa." Sai ya ce, "To, shi ma ai haƙuri ne."

Lokacin da na san shi, mawaƙan sun daɗe da ɓatawa, kowa ya kama gabansa. Alhaji ya ɗauki abin tamkar rigimar cikin gida. "Yaran nan" yake ce musu, alhali wasunsu sun girme shi. Yakan sa su a addu'a bayan salla, har limaminmu, wani dattijo ɗan Chadi, ya tambaye shi su wane ne. Ya ce, "Wasu bayin Allah ne, shaiɗan ya shiga tsakaninsu." Liman ya shafa fatiha da zuciya ɗaya.

Ba abin mamaki ba ne, domin sulhu shi ne sana'arsa ta biyu. Ɗalibai biyu suka yi faɗa a kan tukunya, ko miji da mata suka daina magana, wurinsa ake zuwa. Yakan ce, "Hushi shayi ne, in ya kwana sai a zubar." Sai dai shi kansa yana da shayin da ya kwana. Ƙaninsa Isuhu, direban tasi a Sevran kusa da Paris, ya taɓa ɗaukar kaset ɗin mawaƙan nan, wanda Alhaji ya taho da shi tun daga gida, ya naɗi walimar sunan ɗansa a kai. Magana ta jawo magana, aka tono har abin da ya faru suna yara. Jaririn da aka raɗa wa suna har ya fara tsirar gemu, su biyun ba su sake gaisawa ba.

Sai ga labari cewa yaran nan sun shirya, za su fitar da sabon faifai. Alhaji ya zo aiki da babbar riga, yana raba wa Faransawa dabino, yana cewa addu'arsa ce ta ci. Da yamma ina gidansa muna cin tuwo, Hajiya ta ajiye miya ta ce, "Alhaji, barka. Turawan da ba su san ka ba sun ji addu'arka. Saura wanda kuka sha nono guda." Ya yi ta juya loma a hannu har tuwonsa ya huce.

Ranar da faifan ya fito, ya ce in raka shi Paris. Na ce, "Baba, ai ana sayar da shi a nan Lyon." Ya ce, "Na Paris ya hi sauti." Muka shiga jirgin ƙasa. A unguwar Barbès ya sayi faifan, ya ratsa kasuwar da ke ƙarƙashin gadar jirgin metro ya sayi turare da atamfa. Ban gane inda aka dosa ba sai da na ga mun hau jirgin Sevran.

Isuhu ne ya buɗe ƙofa. Suka yi gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, ina sanyi, kowa idonsa a kan takalmin ɗan'uwansa. Da gaisuwa ta ƙare, Alhaji ya miƙa faifan ya ce, "Sa mana." Waƙa ta farko ta wuce, ta biyu ta wuce. Muryar babban mawaƙin ta zama kamar ta mai tsohuwar mura. Ina kallon fuskar Alhaji tana sauka a hankali.

Isuhu ya gyara zama ya ce, "Yaya, in hwaɗi gaskiya?"

"Hwaɗi."

"Wallahi kukan jaririn da na ɗauka bisa kaset ɗinka ya hi wannan daɗi."

Na fara neman ƙofa da ido. Sai Alhaji ya fashe da dariya, har hularsa ta faɗi. Ya ce, "Ka yi gaskiya, ɗan banza! Voilà, sun tsuhwa!" Isuhu ya ɗauko hular, ya durƙusa ya miƙa masa, daga nan dariyar ta koma kuka, su duka biyun. Ni na fita baranda na bar su.

Tun daga ranar ba a sake yin salla babba ko ƙarama ba su haɗu ba. Faifan kuwa bai bar mu mun huta da shi ba a wurin aiki. Idan muka yi ƙorafi sai ya ce, "Ba don daɗi nika saurare ba. Mutane sun aje girman kai sun zamna ɗaki guda, ya kamata a saurare su."

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Isuhu ya ajiye tasinsa ya tare a asibiti, a hannunsa Alhaji ya cika, shi ya yi masa wanka.

Allah ya jiƙan Alhaji Laminu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa sulhun da ya yi tsakanin bayinsa ya zame masa hujja ranar hisabi. Allah ya ba Hajiya Rabi da 'ya'yanta haƙuri da dangana, ya albarkaci bayansa. Allah ya sanyaya zuciyar Isuhu, wanda ya rasa yayansa karo na biyu, ya haɗa su a Aljanna inda ba a ɓatawa. Mu kuma Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.